Riƙo daban, ciyarwa daban: nazarin lamarin wasu yara uku a Bauchi

Malamar aji 5 ce ta fara kawo mini maganar. Tare muka koyar da ita kafin in yi ritaya, kuma ta san yanzu ina cikin kwamitin sulhu na unguwarmu a nan cikin garin Bauchi. Ta ce akwai wata yarinya a ajinta da ba ta dawo ba tun da aka koma daga hutun Babbar Sallah. Ta aika gida har sau biyu, ana ce mata ta je wurin goggonta. Ranar da ta ja ƙanen yarinyar gefe, wanda yake aji 2, sai ya ce mata, "Malama, Yaya tana Abuja, aiki take yi a gidan wata Hajiya." Shekarun yarinyar 11.

Da yardar kakar yaran da mahaifiyarsu na rubuta wannan lamari, kuma ba zan kama sunan kowa ko na unguwa ba. Abin da ya sa na ga ya dace a rubuta shi, tun da na shiga kwamitin nan babu maganar da ta fi zuwa gabanmu kamar ta yara bayan saki, kuma kusan kullum a wuri ɗaya ake tuntuɓe. Mutane sun ɗauka wanda yaro yake hannunsa shi zai ciyar da shi, wanda kuma yake ciyarwa shi ke da ikon ɗauke shi duk ranar da ya so. Musulunci bai ce haka ba, dokar ƙasa ma ba ta ce haka ba. Wannan fahimtar ce ta kai yarinyar nan kicin ɗin mutane har wata 5.

Yadda gidan ya watse

Uban direba ne, yana lodin fasinja tsakanin Bauchi da Kano. Motar ba tasa ba ce, balas yake kai wa mai ita. Sun yi shekara 13 da uwar yaran, 'ya'yansu uku: babbar mace, namiji mai bi mata, sai auta mace. Yana da amarya mai yara ƙanana uku, duk a ɗaki biyu na haya. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da ke saura a aljihunsa bayan ya sha mai ya ware balas ya zama ɗan kaɗan. Kuɗin cefane ya zama abin faɗa safe da yamma, har wata rana takarda ta fito. Ta kwashi yaran uku ta tafi gidan mahaifiyarta.

Ta fi shekara a can. Da yamma tana soya awara a ƙofar gida, tsohuwar kuma tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Uban yakan aiko da Naira 2,000 ko 3,000 in ya ga dama, sau da yawa wata ya mutu ba a ji ɗuriyarsa ba. Duk wanda ya yi masa magana amsa ɗaya yake samu: "In ana so in ciyar da su, a dawo mini da su gidana. Ba zan yi cefanen gida biyu ba." Ita ma ta rama da abin da ke hannunta. Ta hana yaran zuwa gaishe shi, ko da Sallah, kuma a gabansu take cewa ubansu ya yar da su. Adalci ya sa dole in faɗi wannan, domin ita da kanta ta amsa shi a gabanmu.

Sai miji ya fito mata, wani ɗan kasuwa a Darazo. Ya ce zai karɓi autar, amma ba zai iya agola uku ba. Saura kwana biyu ta tare, uban ya zo da ƙanensa suka tafi da manyan biyu. Babu wanda ya ce uffan. Kakar tana hawaye ta zuba musu kayansu a bakko. Da na tambaye ta daga baya me ya sa ba ta yi magana ba, sai ta ce, "'Yar nan, me zan ce? Ɗa na uba ne. Tunda uwarsu ta yi aure, ni a su wa?"

A gidan uban bakuna suka zama bakwai a kan tukunya ɗaya. Aka ɗora wa namijin tallan ruwan leda a tasha, da farko bayan an tashi makaranta, daga baya har da safe. Ita kuwa babbar, wata 'yar'uwar amaryar ce ta zo da shawara. Matar nan sana'arta ke nan, kai 'yan mata aikatau Abuja da Kaduna. Ta ce Naira 15,000 a wata, a riƙa tara wa yarinya na kayan ɗaki, kuma Hajiyar za ta sa ta a makaranta. Albashin watan farko nata ne na kamasho, sauran watannin kuma tana cire 3,000. Uban ya yarda. Ba a gaya wa uwar ba, ba a gaya wa kakar ba.

Zaman zauren mai unguwa

Ba mu fara da kotu ba. Mai unguwa ya kira zama a zaurensa bayan la'asar: shi, da limami, da ni da wata abokiyar aikina, da kakar tare da ɗanta, wato kawun yaran, sai uban da babban wansa, wanda yaran ke kira Baffa. Akwai kuma wata lauya 'yar unguwa da takan taimaka mana kyauta in ta sami sarari.

Da farko uban ya tsaya a kan cewa yarinya tana wurin 'yar'uwarsa tana karatu. Baffa ne ya katse shi. Ya ce, "Kai, ka ji tsoron Allah. Wace 'yar'uwa muke da ita a Abuja?" Nan ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya aiki take yi. Amma ba don mugunta ba. 'Ya'yan mutane nawa ne suke can? Kuma 'yata ce, ba ta wani ba."

Ban ga mugu a wannan mutumin ba, kuma har yau ban ɗauke shi mugu ba. Na ga mutumin da rayuwa ta matse, wanda kunyar a ce 'ya'yansa suna agolanci a gidan wani ta sa ya ɗauki nauyin da ba shi da wurin ajiye shi. Amma matsi bai mayar da abin da ya yi daidai ba, kuma lauyar ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta ce dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita a duk faɗin ƙasar nan, ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida na ƙwadago. Wanda ya nemo shi, da wanda ya kai shi, da wanda ya karɓe shi, da wanda ya bayar da shi haya, duk laifin ya hau kansu, kuma hukuncin ɗauri ne daga wata 6 har zuwa shekara 3. Dokar ba ta ware uba ba.

Sai magana ta koma kan shekaru. Ya ce yarinya ta kai 13. Ba ta da takardar haihuwa, kamar dubban 'ya'yanmu, duk da cewa tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa kuma Hukumar Ƙidaya ce ke bayar da takardar. Abin da ya warware gardamar shi ne katin rigakafi da kakar ta ajiye a ƙasan kwalla cikin leda, da rajistar makaranta. Duka biyun sun nuna 11. Da tsohuwar nan ta yar da wannan katin kamar yadda yawancinmu ke yi da zarar yaro ya gama allurai, da sai dai mu zauna muna lissafi da damina da azumi.

Lauyar ta ƙara masa da maganar makaranta. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara 9, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, kyauta ne kuma dole ne, nauyin kai yaro kuma yana wuyan iyaye ko mai riƙo. Karo na farko gargaɗi, na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata 1, bayan haka 5,000 ko wata 2. Tarar Naira 2,000 ɗin nan yau ba ta kai kuɗin lita uku na mai ba, ba za ta tsorata kowa ba, amma dai tana nuna cewa cire yaro daga aji ba sha'anin cikin gida ba ne da babu ruwan kowa. Ta kuma ambaci Dokar 'Yancin Yara ta tarayya ta 2003, wadda ta ce duk hukuncin da za a yanke a kan yaro maslaharsa ce a gaba, ta ba shi haƙƙin ciyarwa daga iyayensa gwargwadon ƙarfinsu, ta kuma hana amfani da shi wajen talla da bara. Jihohi sai sun yi tasu kafin ta yi aiki a cikinsu, kuma Bauchi na cikin waɗanda suka yi jinkiri: sai a ƙarshen 2023 Gwamna Bala Mohammed ya sa hannu a kan dokar kare yara ta jihar.

Na lura da wani abu a fuskar uban. Maganar ɗauri ta tsorata shi, amma ba ta shige shi ba. A ransa wannan dokar boko ce, irin wadda ake bi don tsoron hukuma. Abin da ya girgiza shi sai da limami ya buɗe baki.

Abin da limami ya karanta

Limamin ya aika aka ɗauko masa Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, littafin da aka daɗe ana karantawa a zaurukan malaman ƙasar Hausa. Ya karanta wurin da ake maganar reno, ya fassara. Bayan saki, renon yaro na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi aure, sai ya koma ga kaka, bayan ita sai 'yar'uwar uwa. Ya ce a Mukhtasar na Shehu Khalil an jero su da faɗi, kuma uba yana can baya a layi, bayan dangin uwa mata, har ma bayan mahaifiyarsa shi kansa. Ya kawo hadisin da Abu Dawud ya ruwaito na matar da ta zo wurin Manzon Allah (SAW) ta ce cikinta ne mazubin ɗanta, nononta ne abin shansa, cinyarta ce makwancinsa, ga ubansa ya sake ta yana son ƙwace shi, aka ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba.

Sannan ya juya kan ciyarwa. A littafin nan dai, nafaƙar yaran da ba su da dukiya tana kan uba, maza har su balaga, mata har su tare a gidan miji. Babu inda aka ce sai in suna kwana a gidansa. Mai riƙo ita ce ke karɓar kuɗin ta yi musu hidima da shi. Uba kuma yana da haƙƙin ya duba su, ya tarbiyyantar da su, ya kula da karatunsu, amma kwana a wurin mai riƙo. Ya karanta aya ta 233 ta Suratul Baƙara, inda Allah ya ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan wanda aka haifa wa ɗan, ya kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta ko a cutar da uba saboda ɗansa. Ya ce rabin ayar nan na uban ne, rabin na uwar da ta hana su zuwa gaisuwa.

Kakar ta dafa ƙirji ta ce, "Malam, kana nufin ni ce da su?" Ya ce, "Ke ce da su, Inna, shi kuma shi ne da cinsu."

A nan nake so in ɗan tsaya, domin a nan ciwon yake. "Ɗa na uba ne" gaskiya ce, amma a muhallinta. Nasaba ta uba ce, sunansa yaro ke amsawa, shi ne waliyyin 'yarsa ranar aure, akwai gado a tsakaninsu. Sai muka ɗauki wannan gaskiyar muka shimfiɗa ta a kan reno, inda shari'a ba ta shimfiɗa ta ba, har ya zama al'ada da zarar an yaye yaro ko uwa ta yi aure a kai shi hannun kishiyar uwa. Wata kishiyar uwar tana riƙo don Allah, na san irinsu da yawa. Amma shari'a ta san inda tausayi ya fi yawa a galibi, shi ya sa ta bi ta ɓangaren uwa. Ni kaina na yi shekaru ina koyarwa da wannan fahimtar a kaina. Yara nawa na rubuta wa "ya bar makaranta" a rajista bayan an ce ubansu ya karɓe su, ban taɓa bin sawu ba? Wannan yana damuna, kuma yana cikin abin da ya sa ba na ƙin zuwa in an kira zama.

Dawowar yarinyar

An tashi zaman a kan cewa yarinya za ta dawo cikin mako guda. Dillaliyar ta yi taurin kai. Ta ce Hajiya ta biya na wata 3 gaba, sai dai a jira su cika ko a mayar da kuɗi. Da lauyar ta kira ta ta karanta mata abin da doka ta tanada, kwana 5 aka yi sai ga yarinya a motar safe, ita kaɗai, an damƙa ta a hannun direba.

Kwamitinmu ya rabu biyu a kan ko a kai rahoto. Mai unguwa da Baffa suka ce a rufa asiri, in aka ɗaure uban wa zai ciyar da yara shida? Wannan hujja ce mai ƙarfi, ni ma na yarda da ita a kansa. Amma ban yarda da ita a kan matar ba, domin a lokacin akwai 'ya'yan wasu a hannunta, kuma rufa mata asiri tona na yaran nan ne. A ƙarshe lauyar ta rubuta rahoto a kan matar ta miƙa wa hukuma da hannunta. Amaryar ta daina gaishe ni tun daga ranar.

Ni da kakar muka zauna da yarinyar a ɗaki, mu uku. Ba ta ce ana dukanta ba, har ma ta ce Hajiya ta ɗinka mata kaya kala biyu. Amma a sito take kwana kusa da buhunan shinkafa, tana tashi kafin asuba ta yi shara da wanke-wanke, ta goyi jariri har dare. Makaranta kuwa, ko ta allo ba ta taka ba. A hannunta na hagu akwai tabon ruwan zafi mai faɗin tafin hannu, wanda aka shafa wa man goge baki aka ɗaure da tsumma. Tana magana ƙasa-ƙasa, in aka kira ta sai ta miƙe tsaye da sauri. Da muka gama sai ta tambayi kakar, "Inna, kuɗin kayan ɗakin nawa yana wurin wa?" Babu ko sisi. An yi gyaran mota da wani, an ci sauran.

Gaban alƙali

Mun so a gama komai a zaure, amma da yarinya ta dawo uban ya canja magana. Ya ce ya yarda ya yi kuskure, ba zai sake ba, amma yara a gidansa za su zauna. Sai kakar ta shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci ta yankin, kawun yaran ya raka ta, aka kai masa sammaci. Irin wannan ƙara hurumin kotunan nan ne, kuma sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa al'amuran aure da riƙon yara na Musulmi cikin abin da ake ɗaukakawa zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a. Ba ta ɗauki lauya ba, da bakinta ta yi bayani. Zama uku aka yi.

Hujjar uban biyu ce. Ta farko, tsohuwa ba ta da ƙarfin riƙe yara, ƙuli-ƙuli take sayarwa. Alƙali ya ce talaucin mai riƙo ba ya kayar da haƙƙinta, tunda ba a kanta ciyarwa take ba. Abin da ake dubawa shi ne hankali, da lafiya, da amana, da tsaron gida musamman ga 'ya mace, da kuma cewa ba gida ɗaya take da uwar da ta yi aure ba. Aka kawo shaidu biyu maƙwabta suka tabbatar da waɗannan. Ta biyu, ya ce yarinya ta fara girma, tana bukatar idon uba. Alƙali ya tambaye shi, a watanni biyar ɗin da suka wuce, a ina idon nasa yake? Bai amsa ba.

Uwar ta zo daga Darazo a zama na biyu, ta nemi a biya ta abin da ta kashe a shekara guda da wani abu da ta yi tana ciyar da su. A nan ta gamu da wata ƙa'ida ta mazhabar Malikiyya da mata da yawa ba su sani ba. Ciyarwar 'ya'ya ta baya tana faɗuwa in lokacinta ya wuce, sai fa in alƙali ya riga ya yanka ta, ko kuma wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar zai dawo ya karɓa, ba kyauta ba. Alƙali ya tambaye ta ko ta yi wannan niyyar. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ban yi ba. 'Ya'yana ne, na ga za su kwana da yunwa." Gaskiyarta ta sa ta tashi ba ta sami komai ba. Na girmama ta a kan wannan amsar, amma raina ya ɓaci, domin da tun watan farko bayan idda ta je kotu an yanka adadi, da duk watan da ya tsallake ya zama bashi a kansa. Kunya da "kada a ce na kai uban 'ya'yana ƙara" su suka cinye mata wannan haƙƙin. Tun daga lokacin, duk bazawarar da ta zo mana da yara, abin da nake fara gaya mata ke nan.

Bayan i'izari, wato damar ƙarshe da alƙali ke ba kowa ya kawo sauran hujjarsa, aka yanke hukunci. Riƙon manyan biyu ya koma ga kaka. Autar, uban da kansa ya ce a bar ta wurin uwarta, kakar ma ba ta nema ba. Alƙali ya tambayi abin da yake samu, ya karanta aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ cewa mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi, sannan ya yanka masa Naira 25,000 da mudu 10 na masara duk wata, da kayan makaranta, da magani in ciwo ya zo, da ɗinkin Sallah. Aka ba shi damar ɗaukar yaran duk Juma'a su wuni gidansa, aka ja kunnen dangin uwa kada a sake hana su. Aka ce wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara. Bai ɗaukaka ba.

Kowa ya san Naira 25,000 ba ta riƙe yara wata guda a Bauchin yau, ko a kasuwar Muda Lawal ka yi cefanen. Amma da an yanka abin da ya fi ƙarfinsa, da takarda kawai za a riƙe.

Bayan hukunci

Watan farko ya biya, na biyu ya kawo rabi. Sai Baffa ya gano inda matsalar take: direba ba ɗan albashi ba ne, kullum yake samu kullum yake kashewa, tara 25,000 wuri ɗaya yana yi masa wuya. Ya je ya sami shugaban tasharsu, aka shirya a riƙa cire wani abu duk mako ana ajiyewa, kawun yaran yana zuwa ya karɓa ya sa hannu a littafi. Wannan dabara ta fi duk wata barazana aiki. Lauyar ta so ta tuna masa cewa dokar hana cin zarafi ta tarayya ta 2015 ta mayar da watsar da iyali ba abinci laifi, kuma Bauchi ta yi irin tata, amma Baffa ya ce a bari tukuna, kada a yi ta nuna wa mutum sanda har ya saba da ita.

Namijin ya daina talla. Babbar ta koma makaranta, amma sai da ta maimaita aji 5, domin ta rasa zango biyu. Malamarta ta ce makonnin farko ba ta ɗaga hannu, kuma in an tashi ita ke tsayawa share aji ba tare da an sa ta ba. Yanzu ta fara sakewa. Mun kai su ukun an yi musu takardar haihuwa, kakar ta haɗa da katin rigakafin nan ta mayar ƙasan kwalla. Yarinyar takan je gidan ubanta ranar Juma'a tare da ƙanenta, amma ba ta yarda ta ci abinci a can, kuma kafin magariba ta dawo. Uban ya yi mini ƙorafin wannan, na ce masa ya ba ta lokaci, kuma ya fara da gaya mata da bakinsa inda kuɗinta ya tafi. Har yanzu bai yi ba.

Wata 6 aka yi komai na tafiya. Sai mai motar ya sayar da ita, uban ya koma karɓar tuƙi a hannun abokai ranar da suka huta, littafin tasha ya tsaya. Yau wata 2 ke nan babu kuɗi, masara kawai Baffa ya kawo daga gonarsa. Shekaranjiya da na biya ta gidan na tarar da tire a tsakar gida da ƙullin ƙuli-ƙuli a kai. Kakar ta ga inda idona ya tsaya, ta ce, "Ba ita za ta ɗauka ba, 'yar nan, na yi wa alƙali alkawari. Ni zan zauna da shi a ƙofa." Ta ce in watan nan ya mutu bai kawo komai ba za ta koma wurin rajistaran kotu, kuma ta roƙe ni in raka ta. Mun tsayar da ranar Litinin ta farko a sabon wata.